Fim Ɗin Kakangi Daga Ingila: Tarken Wani Tsari Tun Kafin A Ɗaga Kyamara

Al'adar wannan fili ita ce a ɗauko littafin da ya riga ya shiga kasuwa, a feɗe shi, a nuna inda marubucinsa ya yi abin yabo da inda ya yi tuntuɓe. A wannan fitowa za mu ɗan saɓa wa al'adar, muna kuma neman afuwar masu karatu. Abin da ke gabanmu bai zama littafi ba, bai kuma zama fim ba tukuna. Tsari ne a rubuce, mai shafi 14, wanda wani tsohon ɗalibinmu, haifaffen yankin Kakangi a ƙasar Birnin Gwari, ya aiko mana daga Ingila inda yake aiki. Niyyarsa ita ce ya shirya fim ɗin gaskiya, wato irin fim ɗin nan da ba a ƙaga labari ko a sa 'yan wasa a cikinsa, a kan halin da mahaifarsa ta shiga a shekarun 'yan bindiga. Ya nemi Malam ya duba masa, mu kuma muka nemi izininsa mu yi dubawar a bainar jama'a domin amfanin sauran marubuta. Ya amince, bisa sharaɗin kada a ambaci sunansa, tun da iyayensa suna can gida.

Wani zai ce ina ruwan mujallar marubuta da aikin masu kyamara. Ruwanta a ciki da yawa. Mutane sun ɗauka fim ɗin gaskiya ba ya bukatar marubuci, wai ana zuwa ne kawai a ɗauki abin da aka tarar. Ba haka abin yake ba. Duk wanda ya nemi kuɗin irin wannan aiki, ko daga gidan talbijin ne ko daga wani asusu irin na IDFA Bertha da ke Amsterdam, sai an ce ya kawo taƙaitaccen labari da warwararsa da jerin mutanen da za su fito da kuma kasafin kuɗi, duk a rubuce, kuma galibi cikin Ingilishi ko Faransanci. Ke nan abin da kyamara za ta gani a Kakangi an riga an yanke shi a kan takarda, a wani ɗaki mai nisan dubban kilomita, domin a gamsar da mutanen da ba su taɓa jin sunan garin ba. Bambancin da ke tsakanin wannan rubutu da namu na ƙagaggun labarai shi ne, kuskurenmu yakan tsaya a kan takarda, nasa kuwa yana iya sauka a wuyan wani bawan Allah.

Ga yadda tsarin yake a taƙaice. Fim ɗin zai buɗe da hoton daji daga sama da asuba, wanda ɗan jirgin nan maras matuƙi zai ɗauka, ana kiɗa mai sanyaya jiki, sai murya ta shigo cikin Ingilishi tana bayanin inda Birnin Gwari take. Daga nan sai hira da wata mata da aka kashe mijinta a gona, da wani manomi da ya biya kuɗin fansa, da wani ɗan sa-kai. Ƙololuwar fim ɗin, a cewar mai tsarin, ita ce shiga daji a yi hira da ɗaya daga cikin shugabannin 'yan bindiga. Za a rufe da hoton kasuwar shanu ta ci ta batse. Ɗaukar hoto duka mako 3 ne, a hutun da zai samu cikin watan Agusta. Abin da bai samu ɗauka ba, wani mai ɗaukar hoto daga Kaduna zai ƙarasa, shi kuma yana ba shi umarni ta WhatsApp daga can.

Kafin mu shiga suka, hakki ne mu faɗi abin da ya burge mu. Tsarin yana da tsabta, an san inda aka faro da inda za a dire, abin da da yawa daga cikin littattafan da ake aiko mana ba su da shi. Akwai kuma wani rabin shafi inda ya jera sautukan da yake son a naɗa: kukan injin niƙa da hantsi, kiran sallar asuba daga masallatai biyu da ba sa haɗa baki, ƙarar babur daga nesa da yadda hira kan mutu a dandali da zarar an ji ta. Wanda ya rubuta wannan ɗan gari ne, kuma yana da kunne. Da dukkan tsarin ya bi sawun wannan rabin shafi, da sharhinmu bai wuce layi goma ba.

To, amma jigon fim ɗin aro ne, kuma mun san inda aka aro shi. A ranar 25 ga Yuli, 2022, sashen binciken Afirka na BBC ya fitar da fim mai suna The Bandit Warlords of Zamfara, wanda wani matashi ɗan Zamfara mai karatun lauya, Yusuf Anka, ya jagoranta bayan ya shafe shekaru yana bibiyar lamarin. Duk wanda ya kalli wannan fim zai gane ƙashin bayan tsarin ɗalibin namu a ciki: tafiya daga gari zuwa ƙauye, daga ƙauye zuwa daji, har a dangana da mai bindiga. A can ne aka ga Ado Aleru yana magana a kan kisa ba tare da ko gezau ba, 'yan kwanaki kaɗan bayan an naɗa shi Sarkin Fulani a 'Yandoton Daji, naɗin da ya jawo aka dakatar da sarkin da ya yi shi. A can ne kuma Abu Sani ya yi iƙirarin hannunsa a satar 'yan mata 279 na makarantar Jangebe a Fabrairun 2021, har ya ce an biya fansa, abin da hukuma ta musa.

A tamu fahimtar, wannan fim na BBC ya yi aikin da ba a yi ba kafinsa. Ya sa mutumin Legas da na Landan sun ga gawa da idonsu, sun ji ƙorafin Bafulatanin da aka ƙona wa ruga, sun kuma ji na Bahaushen da aka ƙona wa rumbu, ba tare da an ce ɗaya ya wanke ɗaya ba. Ƙarfinsa kuwa ya zo ne daga Yusuf Anka kansa, domin ba baƙo ba ne, abin a gidansu yake faruwa, kuma fuskarsa ta nuna haka. Amma fa yana da rauni, kuma raunin na zubi da tsari ne. Da yake an gina shi kamar labarin farauta, duk wanda aka gamu da shi a hanya sai ya zama matakala ta isa ga babban nama. Matan da suka yi kuka a farkon fim mun manta kamanninsu, maganar Aleru kuwa har yau ana yaɗa guntayenta a wayoyi. 'Yar jarida Kadaria Ahmed ta yi rubutu mai zafi a lokacin, inda ta zargi BBC da bai wa 'yan ta'adda dandalin da ba za ta ba irinsu a Ingila ba. Ba mu bi ta a kan dukkan abin da ta faɗa ba, domin rufe ido bai taɓa korar kura ba. Sai dai tambayar da ta ɗago tambaya ce ta adabi tsantsa, wadda kowane marubuci ya kamata ya yi wa kansa: wane ne tauraron labarin nan? Duk wanda ka ajiye a ƙololuwa, shi ka naɗa tauraro, ko da kuwa muryar bayan fage tana tsine masa.

Mai tsarin Kakangi ya ajiye ɗan bindiga a ƙololuwa, bai kuma gaya mana abin da yake son ya tambaye shi ba wanda ba a riga an tambaya ba. Gidan talbijin na Trust ya nuna nasa fim ɗin tun a Maris na 2022, wanda Abdulaziz Abdulaziz ya yi hira da Bello Turji a cikinsa. An ji ƙorafin, an ji barazanar, an ji alfaharin. Muna zargin an sa wannan fitowa ce saboda ita ce ke sa mai ba da kuɗi ya gyara zama.

Wani abin lura kuma shi ne wanda ya ɗauki nauyin abin da ya biyo baya. A ranar 3 ga Agusta, 2022, hukumar kula da gidajen rediyo da talbijin ta ƙasa ta ci tarar Naira miliyan 5 a kan gidan Trust saboda nasa fim, da irin wannan tara a kan kamfanonin Multichoice da TSTV da NTA-Startimes saboda sun nuna na BBC. Daga baya, a Janairun 2024, wata Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta soke tarar. Abin da muke son mai karatu ya gani shi ne, sandar ta sauka ne a kan waɗanda ke zaune a gida, hannu na iya kai wa gare su. Haka nan kuma tun Nuwamban 2021 kotu ta ayyana ƙungiyoyin 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda, gwamnati ta buga hakan a gazet a Janairun 2022. Saboda haka wanda ya nemo lambar wayar ɗan bindiga, da wanda ya yi jagora, da wanda ya goya mai kyamara a babur, duk suna iya samun kansu suna amsa tambayoyi, alhali mai fim ya koma bakin aikinsa. Babu layi ko ɗaya a cikin shafuka 14 da ya taɓo wannan.

Aibi na biyu shi ne na lokaci. Mutumin da ya bar gida yakan tafi da hoton garinsu a zuci, hoton kuma ba ya tsufa. Kakangin da ke cikin wannan tsari ita ce ta shekarun 2018 da 2019, shekarun da aka kashe sojoji 11 a Doka a watan Maris, aka yi kisan gilla a Gwaska a watan Mayu, sannan a Afrilun 2019 aka far wa Kakangi kanta, aka kashe 'yan sanda da mutanen gari. Wannan duk gaskiya ne, kuma ba mu ce a manta ba. Amma ruwa ya gudana da yawa bayan nan. An yi zamanin da gwamnatin Kaduna ta toshe layukan waya daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamban 2021, ta hana hawa babur da sayar da mai a jarka da cin kasuwannin mako a yankin. An yi zamanin da manomi kan biya haraji ga mutanen daji kafin ya shuka, ya sake biya kafin ya girbe. An yi zamanin da ƙungiyar Ansaru ta yi sansani a gabashin ƙasar, wajen Damari, tana wa'azi tana hana siyasa, wanda labari ne daban da na yammaci inda Kakangi da Randagi suke. An sace 'yan makarantar Kuriga, a kan hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari, a Maris na 2024. Sannan a ƙarshen Nuwamban wannan shekara Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari ya karɓi tubabbun 'yan bindiga, aka buɗe kasuwar shanu da ta yi kusan shekara 10 a rufe. Mai tsarin ya ɗauki farkon labarin da ƙarshensa ya haɗa bakinsu, ya tsallake tsakiya, alhali a tsakiyar nan ne mutane suka koyi zama da abin, kuma nan ne fim yake.

Ko zaɓen watan Agusta ma shaida ce ta nisa. Hutun Ingila ne ya zaɓe shi, ba kalandar manomi ba. Agusta tsakiyar damina ce, hanyoyin ƙauye sun zama taɓo, rafuka sun kawo, ciyawa ta fi mutum tsawo, magidanta kuma suna gona tun daga safe har la'asar, ba mai lokacin zama a gaban kyamara. Wanda yake son ya ga abin da sulhu ya haifar, ko abin da ya kasa haifarwa, da kaka zai zo, lokacin da ake kwasar masara da waken suya, ya tsaya a bakin hanya ya ga buhu nawa ke isowa gari kuma wa ake tsayawa a gaisar a hanya. Shi kuwa ɗan jirgin ɗaukar hoto, ko an samu izinin hukumar jiragen sama da na ofishin mai ba da shawara kan tsaro, waɗanda doka ta ce sai an nema, muna roƙon a bar shi a akwati. A yankin da aka sha luguden wuta ta sama, abin da ke shawagi a kan daji ba hoto yake nufi ga na ƙasa ba, kuma ƙauyen da aka ga ya tashi daga cikinsa shi zai amsa laifin.

Yanzu sai batun da ya fi damunmu, wato fuskokin mutane. Tsarin ya ce kowa zai sa hannu a takardar amincewa, har ya liƙo samfurinta a shafin ƙarshe, cikin Ingilishin lauyoyi wanda mu kanmu sai da muka karanta sau biyu. A ce an fassara ta, an karanta wa matar nan da aka kashe mijinta, ta dangwala yatsa. Me ta amince da shi? Ita a saninta ɗan gidan wane ne ya dawo daga Turai yana tambaya, kuma ba a mayar da ɗan gari hannu rabbana. Ba ta san cewa minti biyu na maganarta za a iya yanke su a watsa a TikTok, su isa wayar wanda take magana a kansa kafin mai fim ya sauka daga jirgi ba. Sulhu kuwa bai rage wannan haɗari ba, wataƙila ma ƙara shi ya yi, domin yanzu wanda ya yi kisan da wadda aka yi wa suna iya haɗuwa a layin mai awo ɗaya ranar kasuwa. Kalmar infoma kaɗai ta isa ta raba mutum da ransa a wannan yanki, daga kowane ɓangare aka jefe shi da ita.

Kada a ce tsoron malamin makaranta ne. A 2022 wani Ba'amurke mai suna Matthew Heineman ya fitar da fim mai suna Retrograde a kan watannin ƙarshe na yaƙin Amurka a Afganistan, inda ya nuna fuskokin 'yan ƙasar da suka yi aiki da sojojin Amurka ƙuru-ƙuru. A 2024 jaridar Washington Post ta ruwaito cewa 'yan Taliban sun kama ɗaya daga cikinsu bayan guntun fim ɗin ya bazu, suka azabtar da shi, ya rasu daga baya, kuma kamfanin National Geographic ya janye fim ɗin. A gefe guda kuma, wanda ya kalli The Act of Killing na 2012, wanda Joshua Oppenheimer ya yi a kan kashe-kashen Indunusiya na 1965, zai ga cewa a jerin sunayen ƙarshe an sakaya sunayen ma'aikata 'yan ƙasar da yawa, har da na abokin ba da umarninsa. Ɓoye fuska, da sauya murya, da kauce wa nuna ƙofar gida ko bishiyar da za a gane, duk abubuwa ne da ake tsarawa tun a rubutu. Marubuci ya san wannan dabara, tun da mu ma mukan sauya wa mutum suna da gari idan muka ɗauko labarinsa. Bambancin kawai shi ne kyamara ba ta iya yin haka da kanta, sai an gaya mata.

A kan ba da umarni ta waya ba za mu daɗe ba, Hausawa sun riga sun gama magana da suka ce zuwa da kai ya fi aike. Abin da za mu ƙara shi ne, mai ɗaukar hoton da zai bi hanyar Buruku da Udawa shi kaɗai, ya zaɓi inda zai tsaya da wanda zai tambaya da lokacin da zai kashe kyamara, shi ne mai ba da umarni na haƙiƙa a waɗannan ranaku. A kasafin kuɗin an rubuta masa ladan yini, an kuma rubuta inshorar kyamara, ba a rubuta tasa ba.

Sai harshe, wanda shi ne fagenmu. Muryar bayan fage cikin Ingilishi ta riga ta faɗi ko don wa aka yi fim ɗin. Ba mu ce kada Turawa su kalla ba, ai don haka aka yi fassarar ƙasan allo. Amma idan mutanen Kakangi suna magana da Hausa, sannan wata murya ta zo daga sama tana bayyana ma'anarsu da wani harshe, an mayar da su shaidu a shari'ar da ba su san alƙalinta ba. A 1965 Ousmane Sembène ya fuskanci Bafaranshen nan Jean Rouch da zargin cewa shi da irinsa suna kallon 'yan Afirka kamar yadda ake nazarin ƙwari. Ɗan gida ma yana iya faɗawa wannan rami idan ya ari tabaran baƙo. Kuma akwai abin da fassara za ta haɗiye in ba a yi hattara ba. Ɗan jarida yakan ce 'yan bindiga, hukuma ta ce 'yan ta'adda, ɗan birni ya ce ɓarayin daji, amma wanda ke kwana kusa da su sau da yawa cewa yake mutanen daji, ko ma mutanen nan, yana mai rage murya. A cikin wannan sakayawar akwai tarihin shekara goma na tsoro. Tsarin ya fassara su duka da kalmar Ingilishi guda ɗaya.

Shi kansa Rouch ɗin yana da darasin da ya koya da wuya, kuma ya dace da batun kiɗan da aka ce za a buɗe da shi. Ya ɗauki fim ɗin farautar dorina a kogin Kwara a 1951, ya kai shi Faransa ya tace, ya sa masa kiɗa mai tsuma zuciya. Da ya komo da shi Ayorou a 1954 ya haska wa masuntan da suka fito a ciki, sai suka ƙi yarda da kiɗan, suka ce ba a farautar dorina da hayaniya, domin tana ji. Ya cire kiɗan, kuma daga nan ya riƙa mayar da fina-finansa ga masu su kafin ya kammala. Muna ba mai tsarin shawara ya ƙara shafi guda da zai faɗi ranar da za a haska wa mutanen da suka yi magana abin da aka haɗa, kafin kowa a duniya ya gani, da kuma alkawarin cewa wanda ya ce a cire shi za a cire shi. Idan kasafin bai isa wannan tafiya ta biyu ba, to bai isa fim ɗin ba.

Wani hanzari ba gudu ba, a jerin masu magana babu Bafulatani ko ɗaya sai mai bindiga. Ina makiyayin da aka kore wa garke tun kafin a fara taɓa manoma? Ina matar ruga da ta daina kawo nono gari don tsoron 'yan sa-kai? Babu Bagwari, babu Bakamuke, alhali sunan gari da na daji nasu ne. Shi ma dajin an mayar da shi maɓoya kawai, kamar ba shi da tarihi. Dajin Kamuku an keɓe shi tun 1936, ya zama gandun ƙasa a 1999, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,000, kuma yana haɗe da dajin Kuyambana na Zamfara. Tsohon ma'aikacin gandun da ya san lokacin da giwaye ke ratsawa, da mai haƙar zinariya, da malamin firamaren da ajinsa ya zama masaukin 'yan gudun hijira (a nan muna da son kai, mun yarda), kowannensu zai faɗi abin da shugaban daba ba zai faɗa ba.

Duk da wannan, ba mu ce zama a waje aibi ne ba. Rahmatou Keïta ta Nijar tana zaune a Faransa ta shirya Al'lèèssi a kan 'yar wasa Zalika Souley, fim ɗin kuma ya kai bikin Cannes a 2005. Wanda ke Ingila yana kusa da takardun Turawan mulki da ke Oxford da Landan, yana da wutar lantarki da kwanciyar hankalin tace hoto, yana kuma iya ajiye abin da aka ɗauka inda ba mai ƙwacewa a shingen hanya. Sai dai waɗanda suka fi dacewa ya yi koyi da su maƙwabtanmu ne da suka yi aiki da Hausa. Aïcha Macky ta koma garinsu Damagaram ta yi Zinder a 2021 a kan matasan daba na unguwar Kara-Kara, kuma kowa ya kalla ya san ba mako uku ta yi da su ba, domin sun saki jiki har sun manta da kyamara. Sani Magori kuwa, ɗan Galmi, a cikin Koukan Kourcia ya ɗauki tsohuwar zabiyar da waƙoƙinta suka zuga samarin ƙauyensu tafiya ci-rani, ya kai ta har Abijan domin ta yi wa mahaifinsa waƙar da za ta dawo da shi gida. Magori bai ɓoye cewa ciwon nasa ne ba, a kansa ma ya gina fim ɗin.

Wannan ya kawo mu shafi na 11 na tsarin, wurin da mai shi ya sa a matsayin ƙarin bayani don masu ba da kuɗi su san alaƙarsa da garin. A cikin sakin layi guda ya ba da labarin makonnin da aka toshe waya a 2021, yadda yakan fito daga aikin dare ya tsaya a tashar bas yana kiran lambobi biyar ɗaya bayan ɗaya ba mai shiga, yadda wani ɗan'uwansa kan yi tafiya mai nisa ya hau tudu inda ake samun sabis na wata jiha don kawai ya ce kowa lafiya, da yadda aka taɓa kiransa cikin dare a ce ana haɗa kuɗin fansar wani maƙwabci, nawa zai sa. Ya ce ya aika, kuma har yau yana tunanin abin da aka saya da kuɗin. Mun karanta wannan sakin layi a ɗakin malamai, muka miƙa wa na kusa da mu, shi ma ya yi shiru.

A ganinmu fim ɗin yana nan a shafi na 11. Wannan labari babu gidan talbijin da zai iya aro masa shi, ba ya bukatar a shiga daji, ba ya jefa fuskar kowa cikin haɗari sai tasa, rabinsa kuma ana iya ɗaukarsa a ɗakin da yake haya a can. Nisan da ya ɓata sauran tsarin, a nan shi ne jigo. Sautukan nan na rabin shafi za su samu wurin zama, domin ta waya ya riƙa jin su a bayan muryar mahaifiyarsa. Idan ya zo da kaka ya zauna, ko da wata guda ne ba tare da ya fito da kyamara daga jaka ba, mutanen da za su yi magana za su zaɓi kansu.

Mun aika masa da wannan sharhi kafin a kai shi maɗaba'a. Amsar da ya turo gajera ce, ya ce ya ji, amma yana tsoron masu kuɗin ba za su sayi fim ɗin da babu ɗan bindiga a ciki ba, kuma ranar rufe karɓar takardu ta matso. Mun ce masa ya rubuta tsari na biyu da Hausa tukuna, ya karanta wa mahaifiyarsa ta waya, sannan ya fassara. Ya yi alkawarin turo mana shi, in ya iso kuma za mu kawo shi zaman ƙungiya na gaba domin 'yan'uwa su ma su sa albarkacin bakinsu.